Layi na Tamanin da Huɗu

Ƙarfe uku na rana a Göteborg,
amma gari ya riga ya runtse ido.
Ylva Brattberg ta kunna fitilar tebur,
ta ture shayin da ya huce tun hantsi,
ta buɗe baƙin allo.
Ba hoto a nan, ba ado,
sai wani ɗan farin tsinke yana ƙifta ido
kamar maigadin da ke jira ka faɗi wurin wa ka zo.

Ta rubuta umarni, kalma biyu: cabal build.
Ta danna, ta harɗe hannu.

Rubutu ya shiga kwarara,
ɗaya cikin goma sha bakwai, biyu, uku,
har tara,
sai ya ja birki, ya rine ja.

Kuskuren farko ɗan ƙarami ne:
wani ƙunshi da ta gayyato
ba ta sa sunansa a jerin baƙi ba.
Na biyu, giɓi ɗaya ya yi yawa a bakin layi.
A Haskell, ko inda ka tsaya ma magana ce.
Ta gyara tana tsaki.

Na uku ne ya cinye mata yamma.

Manhajar ta jiragen fito ce,
masu tashi daga Saltholmen zuwa tsibirai,
tana gaya wa mai jira a bakin ruwa
yaushe zai ɗauki jakarsa.
Mai harhaɗawa ya nuna layi na tamanin da huɗu:
kin yi mini alkawarin lokaci,
abin da ke hannunki kuwa *watakila* ne.
Ina abin da za ki ce idan babu?

Ta yi dariya ita kaɗai.
Jirgi ai zuwa yake.
Mahaifinta Sixten shekara talatin da ɗaya ya tuƙa,
ko kare a Styrsö ya san ƙahonsa.

Akwai wata ƙofar baya, ta san ta,
kalma guda mai cewa: na rantse akwai, wuce kawai.
Ta saka.
Goma sha bakwai cikin goma sha bakwai, sumul.
Sai ta zuba masa jadawalin wani hunturu,
ranar da hazo ya haɗiye teku,
nan take ya kife,
ya bar mata layi ɗaya tal, kamar takalmi a bakin gaɓa.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, har a cikin na'ura.

Waya ta yi ƙara. Daga gidan tsofaffi ne.
Ylva, na huɗu da ashirin ya iso?
Muryar nan da ta saba tsawata wa iska,
yanzu tana lalube kamar mai neman makunni a duhu.
Kullum takan ce ya iso, Baba,
ya yi ajiyar zuciya, gobe ya sake tambaya.
Ta dubi allo. Tsinken yana ta ƙifce.
Ta ce, yau bai zo ba, Baba, hazo ya yi yawa.

Shiru.
Sai ya ce: madalla da direban, yana da hankali.
Ki ce mutane su shiga daga ciki, kada sanyi ya kama su.

Ta goge rantsuwar.
Ta raba hanya biyu:
in akwai, ga lokaci;
in babu, ga abin da tsoho ya ce,
harafi da harafi.

Ta sake dannawa.
Ba ja, ba gargaɗi, ba kuma yabo,
mai harhaɗawa ba ya tafa wa kowa.
A waje tarago ya yi ƙugi ya sha kwana.
Ta tashi ɗora wani ruwan shayin.